Gawayi a Gonar Hatsi: Me Zai Yi wa Jigawar Mayahi?

Duk wanda ya ratsa gonakin da ke tsakanin Tasawa da Mayahi a ƙarshen watan Agusta zai ga hatsi bai tashi bai-ɗaya ba. Nan ya yi kore shar, ya ɗara tsayin mutum. Taku goma gaba kuma ya tsaya iya gwiwa, ganyen ya yi ɗorawa, ƙuduji ya fara leƙowa a gindinsa. Gona ɗaya ce, iri ɗaya, rana ɗaya aka yi shukar. In ka tambayi mai gonar, ba zai yi dogon tunani ba. Zai nuna maka cewa can gindin gawo ne, can kuma inda shanun Fulani suka kwana bayan girbi, wancan baƙin wurin kuwa kufai ne, inda aka taɓa zama ana zubar da toka da shara da ragowar gawayin murhu. Sauran gonar, sai ya ce ƙasa ta gaji.

A wannan yanki na tashi, na san sungumi tun ban kai tsayin ƙotarsa ba. Shi ya sa da labarin zuba gawayi a gona ya fara yawo a bakin malaman gona da 'yan ƙungiyoyi, kufan nan na fara tunawa. Iri biyu ake magana. Akwai gawayin gona da ake ƙonawa da wuta, wanda masana ke kira bayoca. Akwai kuma sabo, haidiroca, wanda dafa shi ake yi cikin ruwa, don haka zan kira shi dafaffen gawayi. Mutane da dama na ɗaukar su abu ɗaya ne, alhali yadda ake yin su daban, abin da suke yi wa shuka ma daban. Manomin da zai sa guminsa ko kuɗinsa ya kamata ya san bambancin.

Ciwon jigawa

Manomanmu sun kasa ƙasa gida uku: jigawa, geza da fadama. Mafi yawan gonakin Mayahi jigawa ce, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 nata yashi ne. Ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Tana da sauƙin noma, ruwa na shiga cikinta nan da nan, amma yadda ya shiga haka yake zarcewa ƙasa, ya tafi da abincin shuka inda saiwa ba ta kaiwa. Tana da ɗan tsami kuma, ga ƙarancin sinadarin fosforas, wanda binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya daɗe da nuna cewa shi ne ya fi tauye hatsi a irin wannan ƙasa. Ruwan saman ma a shekara mai kyau bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka.

Da can maganin gajiyar ƙasa shi ne a bar ta ta huta. Yanzu jama'a sun yi yawa, gona ɗaya an raba ta gado sau biyu sau uku, babu mai barin saura. Takin gida ba ya isa, sai gonar bakin gari ke samu. Takin zamani kuwa a 2022 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka duk abin da aka ce zai sa jigawa ta riƙe ruwa da taki, dole kunnen manomi ya tashi.

Yadda ake dafa gawayi

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin haɗa sinadarai na Jamus, Friedrich Bergius, shi ya bayyana ta a 1913, yana neman gane yadda ganyaye da itatuwan da ƙasa ta binne suka rikiɗe suka zama kwal. Ya gano cewa in aka rufe tsiro da ruwa a cikin tukunyar ƙarfe mai ƙarfi aka yi mata zafi, abin da ke ɗaukar ƙasa zamunna masu tsawo zai fara faruwa cikin sa'o'i. Daga baya, a 1931, ya samu kyautar Nobel kan ayyukansa na sarrafa sinadarai a ƙarƙashin matsi. An yi shekaru ba a waiwayi dabarar sosai ba, sai bayan shekara ta 2000 da masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Potsdam suka farfaɗo da ita.

Ana zuba kayan, ko ɓawon 'ya'yan itace ne, ko kashin dabbobi, ko laka daga matatar ruwan ƙazanta, a haɗa da ruwa a rufe ruf. Sai a kai zafin tsakanin digiri 180 zuwa 250. Da yake tururin ba shi da mafita, ruwan ba ya ƙonewa, matsi ne ke taruwa. A digiri 200 matsin ya kai kusan ninki 15 na matsin iskar sarari. Bayan 'yan sa'o'i sai a sami wani abu mai launin ƙasa-ƙasa zuwa baƙi, mai laushi, tare da wani baƙin ruwa mai tsami. A matse, a shanya, an sami dafaffen gawayi.

Fa'idarsa babba ita ce ba ya buƙatar a busar da kaya kafin a fara. Shi ya sa biranen da jiƙaƙƙiyar shara ta dama suke sha'awarsa. A yankin Balensiya na ƙasar Sifen akwai masana'antar da ta fara wannan aiki tun 2010. Gawayin gona na wuta kuwa busasshen abu yake so. Ana ƙona shi a zafin da ya kai digiri 400 zuwa 700 tare da tauye masa iska, don kada ya zama toka.

Abin da kowanne ke yi wa shuka

Gawayin wuta, in aka duba shi da madubin likita, cike yake da ƙananan ramuka. Ruwa na maƙalewa a ciki, abincin shuka ma haka, ƙananan halittun ƙasa kuma su sami wurin zama. Yana ɗauke da 'yar toka wadda ke rage tsamin ƙasa, kuma ba ya ruɓewa da wuri, yana iya yin ɗaruruwan shekaru. Shaidar wannan tana ƙasar Barazil, a dajin Amazon, inda ake samun wata baƙar ƙasa mai albarka a tsofaffin mazaunan mutanen da, cike da gawayi da tsingaro da ƙashi. Masanin ƙasa Wim Sombroek ya yi bayaninta a littafinsa na 1966. Kufai ne irin namu, sai dai nasu ya fi zurfi kuma ya fi daɗewa.

A 2017 Simon Jeffery da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa daga sassan duniya. Suka ga cewa a ƙasashe masu zafi gawayin gona na ƙara amfani da kusan kashi 25 cikin 100 in aka yi jimla, amma a ƙasashe masu sanyi, inda ƙasa ke da kyau tun asali, kusan ba ya ƙara komai. Ke nan ƙasa mai tsami marar ƙarfi, irin tamu, ita ce ta fi cin moriyarsa.

Labarin dafaffen gawayi ya fi sarƙaƙiya. Na farko, tsami gare shi, ita kuma jigawa dama tsamin ne ke damunta. Na biyu, in sabo ne yana ɗauke da wasu sinadarai da dahuwar ta haifar, irin su finol da furfural, waɗanda ke hana iri tsirowa ko su ƙona ƙaramar saiwa. Gwaje-gwaje da dama a Turai sun nuna iri ya ƙi fita, ko ya fito a tsumbure, inda aka zuba shi da yawa yana sabo. Na uku, akwai ragowar abinci mai sauƙin ci a jikinsa. Da ya shiga ƙasa sai ƙwayoyin halitta su yi masa caa, su hayayyafa, su kwashe naitirojin ɗin da ke kusa don gina jikinsu. Shuka sai ta yi ɗorawa na 'yan makonni, daidai lokacin da take bukatar ƙarfi. A damina mai wata uku, makonnin nan ba ƙaramin rashi ba ne. Na huɗu, yana ruɓewa da wuri fiye da gawayin wuta, don haka amfaninsa ba ya daɗewa kamar na wancan.

Ba a ce ba shi da alheri ba. In aka wanke shi, ko aka haɗa shi da takin gida aka bari suka ruɓa tare, ko aka bar shi ya yi watanni a ƙasa kafin shuka, dafin na raguwa ƙwarai. Wanda aka yi da kashin dabbobi ko lakar matata yana riƙe fosforas mai yawa, abin da muka fi nema. Kuma a ƙasar da kanwa ta yi wa yawa, tsamin nasa zai iya zama magani. Amma duk wanda ya kawo maka shi a buhu ya ce zuba ka shuka yau, ka yi hattara.

Ya dace da Mayahi kuwa?

A ganina, a'a, aƙalla ba a gonar hatsi ba. Dafaffen gawayi na son abu uku: jiƙaƙƙen kaya mai yawa, ruwa, da tukunyar da za ta jure matsi. Mu kuwa duk abin da gonarmu ke bari busasshe ne, rana ta gama mana aikin shanya kyauta. Ruwa, in ka bar kwarin Gulbin Kaba, rijiyoyinmu gaba da yawa ne, mata da jakuna da raƙuma sun san wahalar jawo shi. Tukunyar kuma ba aikin da za a kai wa mai walda a kasuwa ba ne. Ganga ko tsohuwar tukunyar gas da aka liƙe aka ɗora kan wuta, fashewa za ta yi, kuma rai za ta ɗauka. Wannan gargaɗin na fi so matasa masu kallon dabaru a waya su riƙe.

Inda dabarar za ta iya yin rana shi ne wuraren da jiƙaƙƙen abu ya zama annoba: kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar ruwa da ke lulluɓe kogin Isa a Yamai, sharar mahauta da ta kasuwannin gwari a Maraɗi da Kano. Can ne ya kamata jami'o'i da hukumomin gari su gwada, da injiniyoyi da kayan aiki na gaskiya.

Lissafin kara

To, gawayin wuta fa? Shi ma akwai lissafin da masu tallarsa ba su cika yi ba. Yawancin gwaje-gwajen da suka ba da sakamako mai kyau sun zuba tan 10 ko fiye a hekta guda. Busasshen kaya kuwa in aka ƙona shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke zama gawayi. Tan 10 na gawayi ke nan sai an ƙona kara kusan tan 40. Hekta ɗaya ta jigawa da ƙyar take ba da tan ɗaya zuwa biyu na kara a shekara.

Karan ma yana da masu shi. Na taɓa kawo zancen gaban wata gwaggota da ke da 'yar gayauna a bayan gari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, in na ƙone karan, da me zan yi darni? Tumakin nan me za su ci a bazara? Tokar miya fa?" Na ce, "Gwaggo, ai ba duka za a ƙona ba." Ta ce, "Wanda ya rage ɗin ai shi ke tare mini iska." Gaskiyarta. Karan da aka bari kwance a gona shi ke hana iskar bazara kwashe ƙasa da binne sabuwar shuka, shi ke tare ƙurar hunturu mai ɗauke da abinci, gara kuma ta ci ta mayar da shi ƙasa. Binciken Sadore ma ya tabbatar da cewa barin kara a gona na ƙara amfani sosai. Wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, mu kuwa ba mu sani ba.

Itace ya fi kara haɗari. Tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su riƙa barin tohon kututture suna gyara shi maimakon sassabe shi, wannan dabara da ake kira sassaben zamani ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Gawo da sabara da kalgon da ke gonakinmu yau gumin shekara 40 ne. In gawayin gona ya zama abin sayarwa ba tare da tsari ba, gatari zai koma kansu. Gawo ɗaya a tsaye, da ganyen da yake zubarwa da dabbobin da ke kwana a inuwarsa, ya fi buhunan gawayin da za a samu in an sare shi.

Abin da zai yiwu

Mafita ita ce a rage yawa, a canza abin ƙonawa, a kuma ciyar da gawayin kafin a kai shi gona.

Rage yawa dabara ce da manomanmu suka riga suka sani. ICRISAT da cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, sun koyar da zuba ɗan taki a kowane ramin shuka, giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK, maimakon watsa shi ko'ina. In an yi shuka taku ɗaya tsakani, hekta na ɗaukar rami kusan 10,000. A zuba giram 50 na gawayi a kowane rami, kilo 500 ke nan, ba tan 10 ba. A gayaunar mace ko lambun rani, abin bai wuce 'yan buhuna ba.

Abin ƙonawa kuma a nemi wanda ba a rububinsa. A Gulbin Kaba akwai ƙodagon goriba da busassun gindin kaba. Akwai ɓawon gyaɗa inda ake ɓarza, da totuwar da ke saura bayan sussuka, da ƙananan rassan da ake sarewa lokacin gyaran toho. Sai kuma garmani, ciyawar nan da ta cinye burtali da makiyaya a jihar Maraɗi, wadda dabba ba ta damu da ita ba. A sare ta kafin ta zubar da 'ya'ya, a shanya, a ƙona: an share makiyaya, an sami gawayi.

Ƙonawar ba ta bukatar inji. A haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, faɗin taku biyu, zurfin ƙugu, nesa da rumbuna da dannin gidaje, da sassafe kafin iska ta tashi. A kunna wuta a gindin da ƙananan ƙirare. In ta kama, a shimfiɗa kaya kaɗan a kai. Da ka ga farar toka ta fara bayyana a saman, sai ka ƙara wani shimfiɗin. Harshen wutar da ke sama shi ke cinye hayaƙi, shi kuma ke hana iska isa ga na ƙasa, don haka na ƙasan ya zama gawayi bai zama toka ba. In hayaƙi ya turnuƙe, ka zuba da yawa ne ko kayan bai bushe ba. Haka za a yi ta yi har ramin ya cika. Sai a kashe da ruwa, in babu ruwa a rufe da yashi mai kauri a bar shi ya huce sarai, domin gawayin da aka tone da zafi yana iya sake kamawa. Daga nan a yayyafa masa ruwa don ƙura, a daka shi ya koma kamar tsakin dawa.

Abu na uku ya fi sauran muhimmanci. Gawayi ba taki ba ne. Rumbu ne: ba ya haifar da hatsi, abin da aka zuba masa yake ajiyewa. In ka kai shi gona fanko, ɗan abincin da ke ƙasar zai fara tsotsewa. Saboda haka a shimfiɗa shi a turken awaki ko garken shanu ya sha fitsari da kashi, ko a gauraya shi da takin rami a bar su makonni suna ɗan jiƙe. A ƙasar Nefal, wani gwaji da Hans-Peter Schmidt da abokansa suka wallafa a 2015 ya nuna gawayin da bai kai tan ɗaya a hekta ba, da aka jiƙa da fitsarin shanu aka zuba a gindin kabewa, ya ba da ninki huɗu na abin da fitsarin kaɗai ya bayar. Ƙasar can ta fi tamu ruwa da ƙarfi, kada mu sa ran ninki huɗu. Amma hanyar ita ce abin lura.

Mu ma muna da rabin wannan hanya a hannu. Matan ƙungiyar FUMA Gaskiya ta jihar Maraɗi, tare da mai bincike Hannatou Moussa ta INRAN, sun gwada takin da suke kira Oga, wato fitsarin mutane da aka rufe a jarka wata biyu zuwa uku har ya tsarkaka daga cuta. A gwaje-gwajen da suka yi a gonakinsu daga 2014 zuwa 2016, hatsi ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Matsalar irin wannan taki a jigawa ita ce saurin tsiyayewa da tashi cikin iska, kuma riƙe shi ne aikin da gawayi ya iya. Haɗa su biyun a ramin shuka gwaji ne da ya cancanci cibiyar INRAN ta Tarna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su yi tare da manoman Mayahi da Tasawa, a gonakinsu, damina bayan damina.

Kafin ka zuba a gonarka

Ko wane irin gawayi aka kawo maka, dafaffe ko ƙonanne, kyauta ko na kuɗi, akwai awon da ba ya cin ko dala. Ɗebo ƙasar gonarka a tasa biyu. Ɗaya ka gauraya mata gawayin, ɗaya ka bar ta haka. Ka shuka ƙwayar hatsi 20 a kowace, ka riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan mako guda ka ƙirga waɗanda suka fito, ka tumɓuke biyu-uku ka duba saiwar. In ta tasar gawayi gajeriya ce, bakinta ya yi ja kamar an ƙona, gawayin bai nuna ba, a mayar da shi cikin taki ya ƙara kwana.

In ya tsallake wannan, ka ware layi biyar a gona ka sa musu taki da gawayi, biyar na kusa da su ka sa musu takin kaɗai, daidai yawan na farkon. Kada layukan su faɗa gindin gawo ko kan kufai, don kada su ruɗe ka. Da kaka ka ɗaure damman kowanne daban, a sussuka, a auna da tiya. Ka maimaita a wurin baɗi, domin amfanin gawayi sau da yawa sai a shekara ta biyu yake fitowa sosai, kuma shekarar da ruwa ya yi tsaiko ita ce za ta nuna ko ya riƙe laima. In tiyoyin da suka ƙaru sun biya wahalar haƙa rami da tara ƙodago, ka faɗaɗa. In ba su biya ba, layi biyar kawai ka sa a ciki, sauran gonarka na nan yadda ka san ta.